Mutumin da Ya Ce a Faɗa Musu

Har yau ban sani ba, kunyar muryar nan Malam yake ji, ko kuwa alfahari yake yi da ita a ɓoye? Mun zauna tare har furfura ta cika mana kai, na gama takabarsa bara, amma wannan tambaya tana nan zaune a ƙirjina. 'Yata ce ke rubuta wannan, ni ban san baƙi ba. Na ce mata in na yi kuka ta jira ni, kada ta ƙara komai nata.

Malam mutum ne marar magana. In ya dawo daga gona ya ce sannu da gida, to ya gama hirar ranar. Gonarmu tana can ƙarshen kanal ɗin ban-ruwa, ta wajen Bunkure, inda ruwa ke isowa bayan kowa ya ƙoshi. Wata shekara bai iso ba sam. Tumatirinmu ya yi fure ya ƙone a tsaye, alhali ana jin ƙarar ruwa a gonakin manya da ke sama.

A ranin nan ne wani mawaƙi mai gurmi ya zo ranar kasuwa, ya zauna a filin da ke bayan gidanmu bayan la'asar. Ni ban taɓa ganin fuskarsa ba. Ina tsakar gida ina turara shinkafa, hayaƙi na cin idona, waƙar ta tsallako katanga ta same ni. Cewa yake ruwan ƙasarmu ya yi tarbiyya, ba ya wuce gidan babba bai durƙusa ya gaida shi ba, kafin ya gama gaisuwa talaka ya yi sallama da shukarsa. Ya taɓa mai riƙe da makullin ƙofar ruwa, bai kira suna ba, amma kowa ya san hular da ake nufi. Sai ya tsaya ya ja numfashi. A cikin shirun nan wata murya ta tashi: “Faɗa musu, ɗan'uwa. Faɗa musu, tumatirina ƙishi ya kashe shi a bakin ruwa.” Sai tari, sau biyu, na biyun ya fi ƙarfi. Fili ya kaure da dariya da shewa.

Na ajiye muciya. Tarin nan na san shi kamar yadda na san ƙofar ɗakina.

Ashe mai gyaran rediyo na bakin kasuwa ya ɗauki komai a rakoda. Kafin wata ya mutu kaset ya cika teburan masu shayi da motocin Kura. Mai makullin ruwa da kansa ya zo zaurenmu, ina jin su ta bayan labule.

“Malam, ashe kai ma ka shiga amshi?”

“Ni, ranka ya daɗe? Ai ni ko kaji ban iya kira ba.”

“To muryar kamar taka.”

“Murya ai ta Allah ce, yana rabawa yadda ya so.”

Shekarar da ta biyo baya, ruwa ya zo mana a ƙarshe. Wasu suka ce hukunci ne. To da ma a ƙarshe yake zuwa, don haka ba mu iya bambancewa ba.

Bayan wani lokaci mawaƙin ya shiga birni aka sake ɗaukar waƙar a situdiyo. Ba zan ci amanarta ba, tana da daɗi. An sa mata fiyano da 'yan mata masu amshi, gurmin yana fita tsaf, kowace kalma a wanke. Na sha yin tankaɗe da ita. Sai dai baitin mai makulli ya ɓata a hanyar birni, kuma ruwan da a filinmu yake durƙusa wa manya, a situdiyo addu'a ake yi masa Allah Ya kawo shi. Da zaɓe ya zo, motocin mutanen da aka yi waƙar a kansu ne suka riƙa yawo da ita a lasifika. An ce mai makullin ma ya taka rawarta a bikin ɗansa, har da liƙi.

Malam ya sayo wannan sabuwar ya shigo da ita yana murmushi, abin da ba ya yi ko ranar sallah.

“Kin ji waƙa,” in ji shi. “Ba kukan jaki, ba injin ban-ruwa, ba wani wawa yana ihu a tsakiya.”

“Wawan nan tarinsa irin naka ne, Malam.”

“Ke dai ba ki rabo da neman magana. Tari yana da dangi ne?”

Haka muka rabu, shi da tasa ta situdiyo, ni da tawa, tsohon kaset ɗin da aka ɗauka a fili. Tasa tana ƙarewa inda aka tsara mata. Tawa kuwa a cikinta tsirkiyar gurmi ta tsinke, mawaƙin ya ce a ba shi ruwa, wani ya ce ai abin da muke nema ke nan. Ana jin mai rake yana ciniki. Ana jin muryar mawaƙin tana rawa don shi ma tsoro yake ji, ya kuma ci gaba. A ta situdiyo ba wanda ke jin tsoron komai.

Ga abin da ya hana ni samun amsa. Mutumin da ya ce kaset ɗin nan hayaniya ce, shi ne ya naɗe shi a tsumma ya sa a ƙasan adaka don kada zafi ya lalata shi. Da zaren ya tsinke, shi ya zauna ya liƙa shi da haƙuri. Da rakoda ta daina aiki a duniya, shi ya hau mashin har Kura aka juye waƙar a memori, ya dawo ya miƙo mini yana kallon gefe. “Ga shirmenki nan.” Ko sau ɗaya bai ce nasa ba ne. Abokansa sun tsufa suna kiransa Faɗa-musu, yana amsawa da cewa bai san wanda suke nufi ba. Mai makullin ya rasu, wani ya karɓa, shi ma ya rasu, ba sauran wanda za a ji wa tsoro. Malam bai sauya magana ba.

Ni kuwa abu ɗaya nake so, ya ce mini shi ne. Ba mu da hotonsa mai motsi, ba ya yarda a ɗauki muryarsa a waya. In ya tafi, abin da zai rage mini na bakinsa shi ne wannan ihu da tarin nan biyu, kuma ina so in riƙe su da izininsa.

Da ciwon ƙirjin ya kwantar da shi, wata rana da hantsi na zauna a bakin gadonsa. Yara sun fita neman motar da za ta kai shi asibiti. Na ce, “Malam, in sa maka waƙa?” Ya ɗaga gira. Na sa tawa. Ya rufe ido yana saurare, yatsansa na bin gurmin a kan bargo. Aka zo wurin shirun. Muryar ta tashi, ƙaƙƙarfa, ta mutumin da ke iya ɗaukar buhun shinkafa shi kaɗai. Na ga leɓɓansa suna motsi tare da ita, kalma bayan kalma. Da aka yi tarin, shi ma tari ya sarƙe shi, na tallafo kansa na ba shi ruwa.

Na ce, “Malam, don Allah, ba kowa a ɗakin nan sai ni da kai. Wane ne wannan?”

Bayan nan ya yi magana da 'ya'yansa a mota, ya kuma cika da kalmar shahada a hannunsu, Allah Ya jiƙansa. Amma ni, abin da ya faɗa mini na ƙarshe, yana riƙe da hannuna, bakinsa kamar mai shirin dariya, shi ne:

“Rage muryar nan, tsohuwa. Mutumin nan ya cika surutu.”