Bijimin Surukar Injiniya

Sau ɗaya a rayuwarsa ya taɓa gyara tocila, tun ranar ake kiransa Injiniya, shi kuma ya rungumi sunan ya hana kowa sakat. Ya yi kiwon kaji, suka mutu har da na maƙwabta. Ya yi ɗinki, wandonsa ɗaya sai mutum uku su shiga su yi hira. Duk da haka surukarsa, baiwar Allah, ta damƙa masa bijiminta tilo ya yi mata kiwo a bayan gida.

Tunanin Injiniya gajere ne: mai ke sa mutum teɓa, to me zai hana sa? Ya bi masu suya a bakin titi yana kwashe baƙin man da suka gama da shi. Kullum ya kwarara kwano guda cikin dusa, ya cakuɗa har gwiwar hannu yana fito.

Bijimi ya daina tuƙa. Kashinsa ya koma ruwa, ciyawa na fita yadda ta shiga, ƙashin ƙugu ya tsaya har ka rataya riga.

Likitar dabbobi ta sunsuna kwanon, ta kau da kai.

"Malam, a tumbin sa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke narka masa ciyawa. Mai kaɗan ba laifi. Wannan kuwa kashe su yake."

"Ƙwayoyin cuta dai? Ai gara da suka mutu, Likita."

"Su ke ciyar da shi. In sun ƙare, ya bi su."

Ta ce a daina man, a ciro tuƙa daga bakin lafiyayyar saniya a ɗura masa, ya samu sabon iri. Saniya ɗaya ce a layin, ta wan matarsa, saniyar da Injiniya ya shekara yana kira ƙwarangwal.

Ya je yana sosa ƙeya.

"Yaya, don Allah kada Inna ta ji."

"Ƙwarangwal ɗin tawa? Ga ta can, Injiniya. Zura hannu da kanka."

Ya zura, yana ihu kamar ana yanka shi, yawu har hammata. Kafin ya wanke hannu labari ya isa kunnen surukar.

Ranar da bijimin ya koma tuƙa, surukar ta zo da igiyarta. Injiniya ya durƙusa.

"Inna, ai binciken nawa saura ƙiris ya..."

"Tashi ka riƙe mini ƙofa," ta ce.