Abdulgaffar Njidda, Wanda Ya Hana Matattu Aika Kuɗi

Bakwai saura kwata yake fitowa daga lungunsu a unguwar Briqueterie ta birnin Yaoundé, jaka a hammata, ya ratsa ta gaban mahauta yana ɗaga musu hannu. Ba ya shiga taksi. Da ƙafa yake haurawa unguwar Tsinga, ya shige ɗakin ƙurya na ƙaramin bankin da yake wa aiki. Ƙarshen watan nan Malam Abdulgaffar Njidda zai ajiye aiki, alhali rabin maƙwabtansa ba su san abin da yake yi ba.

Shekara goma sha takwas ya yi yana odita. Kamfanoni ke aiko masa mota, a baje masa littattafai ya duba. A 2014, da kashe-kashe suka tsananta a can arewa, ya bar wannan daula ya karɓi rabin albashi a sashen da suke kira conformité, masu bin sawun kuɗin laifi. Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Maƙwabci, odita tambayarsa ɗaya, kuɗi sun cika? Ni yanzu so nake in san na wane ne, kuma ina za su."

Bai shekara a kujerar ba ya ci karo da sunan Alhaji Rashidu mahauci. Duk ranar Alhamis Alhaji na aika kuɗi wani gari na bakin iyaka, can inda ake kashe-kashen, da katin shaidarsa, da sa hannunsa. Malam ya daɗe yana kallon takardar. Wata takwas kafin nan yana sahun gaba a jana'izar Alhaji Rashidu, da hannunsa ya zuba masa ƙasa.

Da ya tona, sai ga sunaye goma sha ɗaya, duk 'yan unguwarmu, duk an binne su.

Ya kira Jaratu, mai karɓar kuɗi a kantar bankin, ya tambaye ta wa ke zuwa da katin Alhaji. Ta ce, "Wallahi Malam, da tsakar rana yake zuwa. Farar riga, baƙin tabarau, ba ya gaida kowa. Ba na ma iya ɗago ido in kalle shi."

Ya je ya yi sallama da Hajiya Hamsatu, matar marigayin. "Hajiya, ina katin Alhaji?" Ta ce, "Ranar sadakar uku wasu mutum biyu suka zo ta'aziyya, suka ce daga hukuma suke, za a cire sunansa daga rajista, suka karɓi katin. Har addu'a suka yi masa." Haka aka yi wa sauran gidaje goman.

Kafin ya kai rahoto, Hamadu tela ya zo ƙofar gidan Malam bayan azahar da ƙunshi. "Malam, wani ya ba ni yadi da awo, ya ce in kawo nan. Sai da na gama yanka na gane tsawonka ne." Likkafani ne, sabo fil. Fanta, matar Malam, ta zube a tsakar gida. Shi kuwa ya naɗe shi ya kai masallaci, ya ce a ajiye wa wanda ya rasu ba shi da gata. Ranar Litinin ya miƙa rahotonsa.

Jandarmomi suka zo suka tafi da Hajiya Hamsatu, tunda sunan mijinta ne a takarda. Malam ya bi su da shaidar mutuwa, ya wuni a kan benci, bai tashi ba sai da aka sako ta. Mai farar riga ba a kama shi ba, bai kuma sake zuwa ba. Har yau ba wanda ya san fuskarsa.

Kai ne ka bar mota ka zaɓi ƙafa, Malam. Kai ne aka auna wa likkafani ka kwana a gidanka, ka tashi ka tafi aiki. Dutse, ba ka jin ruwan sama. Mutanen da kuɗin nan za su kashe ba su san sunanka ba, suna can suna noma.

Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Ku kuma samari da 'yan matan da ke zaune bayan kanta a bankuna, in takarda ta zo gabanku ku yi tambaya kamar yadda ya yi, ko da za a harare ku. Mutum goma sha ɗaya na kwance a maƙabarta, ba su da bakin da za su kare kansu, shi ya wanke musu suna.