Kujera Mai Hannu Ɗaya

Ko yau in na bi ta gaban shagon kafinta ƙamshin sabon katako ya doke ni, sai na tuna shekarar da kakana ya daina fita ciyayya.

A ƙauyenmu, can wajen Toranke, da an idar da magariba kowane magidanci zai sa a kawo tuwonsa ƙofar gidanmu. A shimfiɗa tabarma, a jera kwanuka, dattawa su kewaye, a cinye wannan a jawo wancan. Kakana ne babbansu. Wata shekara, ana tsakiyar cirar gyaɗa, gwiwoyinsa suka ƙi. In ya zauna ƙasa sai an kama shi yake tashi, shi kuwa ya gwammace yunwa da a ɗaga shi a gaban mutane. Ya koma ci a ɗaki shi kaɗai, cin ma loma biyu ya ture kwano. Ni da na saba tsokanarsa ina cewa mijina ya zama rago, sai da na daina, don na ga wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa. Na tsorata ƙwarai.

Kakata ta miƙa masa kujerarta 'yar tsuguno. Ya dube ta ya ce, "Saura ki ba ni zani."

Ana haka baffana, ƙanin babanmu da ya koyi zanen kayan ɗaki a Kano, ya zo gida. Ya zana kujera ya kai wa wani kafinta a Gaya. Ta iso a kan rufin bas, doguwa, tana sheƙi, irin ta teburin cin abinci na birni. To mu ina muka ga tebur? Aka zaunar da tsoho, ga shi can sama kamar alƙali, kwano na ƙasa, hannu bai kai ba, babbar riga kuma ta maƙale a hannun kujera. Ya ce shi ba zai zauna a kan abokansa ba, ya koma ciki.

Baffa bai haƙura ba. Ya ɗauko kafintan ya kawo shi gida, suka zaunar da kakana a kan buhun gyaɗa, aka ajiye masa tuwo a ƙasa. Da yake ba a zura wa mai cin abinci ido, sai suka wanke hannu suka sa a kwanonsa, suna ci suna satar kallo. In suka ga ya yi tsayi, a kwance bakin buhu a rage gyaɗa, a sake zaunar da shi. Na dame su da tambaya har baffa ya ce in yi shiru ko in bar wurin. Na yi shiru.

Daga nan gardama ta tashi. Baffa yana son majinginar ta kwanta baya don jin daɗi. Kafinta ya ce mai cin tuwo gaba yake sunkuyawa, a bar ta tsaye. Baffa ya yarda. Baffan kuma ya lura tsoho da hagu yake dafawa in zai tashi, don dama na da miya, saboda haka ya ce hannu ɗaya ya ishi kujerar.

"Malam, cewa za a yi katako ne ya ƙare mini," in ji kafinta. "Kuma in ya dafa za ta kife."

"To ka buɗa ƙafafun hagun."

Kafinta ya karɓi fensir, ya gyara zanen a gaban mai shi.

Ranar da aka kawo sabuwar kujerar wurin ciyayya, guntuwa, ba kyan gani, kakana ya zauna, ya dafa ya miƙe da kansa, ya sake zama. Sai ya naɗe hannun riga ya ce a turo masa kwanon gidan liman, miyarsu ta fi daddawa. Sai da ya suɗe kwanon.

Yanzu a gidana a Kano akwai tebur da kujerunsa reras, masu laushi, kowace hannu biyu. Gwiwoyinmu lafiya lau, daga ni har maigidan har yara. Amma da na sauke tukunya, kowa zai ɗau farantinsa ya shige ɗaki ya turo ƙofa.