Filin Jirgi a Gayaunar Inna

Ranar wata Talata ce, a daminar da ta biyo bayan samun 'yancin kai, gero ya fara fitar da kai, aka aiko wa mai garinmu daga Gazawa cewa jirgin soja zai kawo likita ranar Alhamis, saboda ƙyanda ta kwantar da yara. Duk ƙauyen ba wanda ya taɓa ganin jirgi a ƙasa sai Baba Soja, ƙanen kakana, wanda ya dawo daga yaƙin Faransa da lambar girma ɗaya da labari buhu goma. Ya ce jirgi ba ya tsayawa sai ya yi gudu kamar doki, don haka a share masa dogon fili. Ya auna da sandarsa, awon ya faɗa kan gayaunar mahaifiyata.

Gayaunar nan ita kaɗai Inna ta mallaka. Sai mun tashi daga gandun gida muke zuwa, rana na dukan mu, ina jefa iri tana rufewa da diddige. Da geronta muke shan fura idan rumbun gida ya yi ƙasa. Ta durƙusa gaban Baba Soja ta ce, "Baba, a ɗan gusa gaba mana." Ya ce, "Ke mi kika sani ga jirgi?" Suruki ne, sai ta ja gefe, aka hau saran geron. Ni kuwa uwar rawar kai, ni ce kan gaba wajen kwashe karan da aka sare, muna tsere muna shewa, tana tsaye tana kallo na.

Ranar Alhamis jirgi ya iso, ashe mai saukar ungulu ne. Ko kallon filinmu bai yi ba. Ya tsaya cak a sama, ya sauko tsaye gefen rijiya, a wurin da bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba. Baba Soja ya tura hula gaba ya ce, "Wanga ba irin namu ba ne." Kowa ya tuntsire da dariya, ban da Inna. Bazarar da ta biyo baya, furarmu tsululu muka sha ta.

Kwanan baya jikana ya nuna mini wani jirgin soja a wayarsa, yana tashi tsaye, sannan ya karkatar da farfelarsa gaba ya miƙe kamar sauran jirage. Ya ce, "Kaka, wanga ba ruwanshi da fili." Na daɗe ina kallo kafin na miƙa masa wayarsa. Inna ta jima da rasuwa, kuma ban taɓa ba ta haƙuri ba.