Mai Duba Gida Ba Ya Shan Ruwan Gidan

Wata Laraba ce da hantsi, bayan an gama yankan shinkafa, a shekarar da na fara ɗaukar tulu zuwa gulbi. Muna zaune ni da ƙanwata a inuwar duman Inna muna tuwon ƙasa, sai wani dattijo ya yi sallama a ƙofar gidanmu da ke wani ƙauye kusa da Argungu. Baba Ɗanjimma ne, mutumin ƙetaren gulbi. Inna ta aike ni da ruwa a ƙwarya, na durƙusa na miƙa masa. Ya ce, "A'a ɗiyata, aje tukuna. Wanda ya sha ruwan gida nauyin masu gida yake ji."

A lokacin haka ake yi. Da ciyawa ta bushe, 'yan farauta suka fara cinna wa daji wuta don gafiya, sai kowane magidanci ya kira wanda ba dangin iya ba na baba ya zagaya masa gida. Mahaifina ma yakan haye ya duba na wasu. Dattawa sukan ce, "Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani."

Mu dai mun yi aikinmu. Maza sun nome ciyawa kewaye da gida, mun share har ƙasa ta fito fes, mun kwashe tattakar shinkafa daga gindin rumbu, kullum da yamma Inna tana yayyafa wa toka ruwa kafin a zubar. Baba Ɗanjimma ya zaga a hankali yana taɓa darni da sandarsa, har ya iso inda muke wasa. Duman nan ya taso daga bayan gida, ya hau darni, ya bi ta kan ɗakin Inna ya sauka a jinkar rumbu. Ganyensa ya bushe ƙayau, ga manyan ƙore suna rataye, saura kaɗan su ƙosa. Dattijon ya ce wa mahaifina, "Ka share hanya ƙasa, ka bar ma wuta gada sama. Wanga duma sai shi sauka yau."

Inna ta yi kuka, don da ƙoren nan ta so ta yi wa yayata kayan ɗaki. Ni ma na yi nawa kukan saboda inuwarmu. Mahaifina kullum ta ƙarƙashin duman yake wucewa, bai taɓa ganinsa a matsayin komai ba sai duman matarsa. Ya daɗe yana kallon Inna, sannan ya ɗauko lauje. Sai da aka janye shi kaf dattijon ya ɗauki ƙwaryarsa ya sha.

Wutar ta zo da azahar wata rana ana iska. Mun ji ƙarar kara yana fashewa kafin mu ga hayaƙi. Tartsatsi ya tsallake sharar ya kama darnin baya, daidai inda duman yake a da. Darnin ya cinye, wutar ta rasa abin bi, maza suka kashe ta da ɗanyen ganye da tulunan da muka yi ta jigila. Gero da shinkafar rumbun nan muka ci har damina.

Ɗan dattijon nan na aura daga baya, muka zauna a Ambursa. Ya gaji aikin mahaifinsa, amma namu gidan bai taɓa duba shi da kansa ba, wani yake kira. Bara Allah ya karɓi abinsa. Jikanyata da ke rubuta wannan ta ce in tsaya in share hawaye, na ce ta ci gaba, ba sa ƙarewa.

Yanzu rufinmu na kwano ne, amma ciyawa ta kai gindin katanga, jikana kuma yana ajiye jarkar man babur kusa da madafi, jikin ɗakin marigayi da har yau ban iya kwashe kayansa ba. Na ce a kira wani ya duba, mutanen gidan suka ce tonon asiri ne. Masu zuwa gaishe ni suna da yawa, Allah ya saka musu. Kowa sai ya sha ruwana, ya ce gida lafiya lau.