Jan Zaren Babaji Mai Shayi

Ana sallame Asuba Babaji ya hura wuta a Ƙofar Kaura, ya jera kofuna, ya fara faɗa da masu cewa madara ta yi kaɗan. Haka muka taso muka same shi. Yanzu gwiwa ta ƙi, zai koma Batagarawa wajen 'ya'yansa. Ni facin taya nake yi a gefen teburinsa, ban yi boko mai nisa ba, amma wannan mutum sai na jinjina masa.

Gaskiya shayinsa ruwa ya fi yawa. Abin da ya yi wa Sagiru tela shi ne magana.

Sagiru ya yi ciwon taɓin hankali. Wasu suka ce aljana ce ta aure shi, wasu suka ce jifa ce. Yayarsa ta kai shi asibiti, aka ɗora shi kan magani, ya samu sauƙi, ya buɗe shagonsa. Ko ɗinkin aljihu ba wanda ya kai masa. Ranar da ya zo shan shayi, benci ya watse kamar an ga kunama.

Alhaji Amiru dillalin filaye ya ja Babaji gefe. "Malam Babaji, a ware mashi kofi. Ɗaura mashi jan zare mu riƙa ganewa. Abin nan miyau yake bi."

"To, Alhaji," in ji Babaji.

Washegari muka zo, kowane kofi da jan zarensa. Har butar shayin.

"Wanne ne nashi?" Alhaji ya tambaya.

"Wallahi na mance, Alhaji. Sha dai. In cutar ta kama ka, ai mun san asibitin."

Alhaji ya yi fushi, ya ɗauke ƙafa shi da mutanensa. Ciniki ya faɗi, Babaji bai kwance zare ba. Ƙarshe ma shaddarsa ta Sallah ya kai wa Sagiru ɗinki. Da ita a jikinsa yake suyar ƙwai, duk wanda ya yaba ɗinkin ya nuna masa shago da ludayi. Yau ɗinki ya yi wa Sagiru yawa. Alhaji ma ya dawo, don hira a nan take.

Kai ne, Babaji, ka mayar da mutum cikin mutane da zaren da aka ce ka ware shi da shi. Jarumi mai ruwan zafi, Allah ya saka maka, ya ba gwiwar nan lafiya.

Ku kuma masu kulle marar lafiya a ɗaki don kunyar maƙwabta, ku kai shi asibiti, in ya dawo ku miƙa masa kofinku. Shekara da shekaru muna sha da jan zare, ba wanda ya taɓu. Alhaji Amiru kuwa, dama can haka yake.