Ɗanasabe Mai Nutso da Taswirorin Teku

Ni dai sana'ata buga takardu ce. Ina da ɗan shago a Malumfashi kusa da tasha, da kwamfuta biyu, ɗaya tana aiki. Masu neman aiki su zo, 'yan makaranta su zo, masu katin ɗaurin aure su zo su tsaya a kaina suna gyara mini sunan kawun amarya. A wannan shagon na san Baba Ɗanasabe, kuma tun da na buɗe shi ban taɓa yin abokin ciniki da ya ci mini rai kamarsa ba.

Ɗanasabe Bamaguje ne daga wata 'yar unguwa a bayan Gozaki. Manomi ne kamar kowa a can, dawa da masara da waken suya, da 'yar auduga idan shekara ta yi kyau. Amma ba da noma aka san shi ba. Daga Kafur har Danja, idan ruwa ya ci mutum, shi ake aika wa babur. Ubansa ya yi wannan aikin, shi kuma ya gada. Gajere ne mai faɗin ƙirji, ba ya son magana, in ma ya yi ta ba ya ɗaga murya. Ruwan da yake shiga kuwa kowa ya san irinsa: dam da kududdufi da rafin damina, laka zalla, ko tafin hannunka ba ka gani. Da hannu yake aiki. Ya nutse ya laluba, ya fito ya sha iska, ya koma, har ya taɓa wanda ake nema.

Yana da ƙa'ida guda wadda ba ya karyawa. Ba ya sa ƙafa a ruwan da bai gaida mai shi ba. A wurinsa kowane ruwa da mai shi, wato wani dattijo na gefen wurin wanda ya san halin ruwan, wanda kakanninsa suka saba da abin da ke ciki. Sai an kai shi gidan wannan mutumin ya ba shi goro, ya ce, "Na zo shiga ruwanku." In an ce ya shiga, ya zuba 'yar fura a bakin gaɓa, sannan ya tuɓe. Ko uwar mamacin na birgima a ƙasa, sai an nemo mai ruwa. An zage shi a kan haka ba sau ɗaya ba. Yakan saurara har a gama zagin, sannan ya sake tambayar gidan mai ruwan.

A wata damina rafi ya kwashe Abdussamad, babban ɗan Alhaji Maitama mai hatsi, da shi da babur ɗinsa. An nema har an fara cewa a haƙura. Ɗanasabe ne ya samo shi maƙale a saiwar wata tsohuwar bishiya. Aka yi masa sutura, uban ya san inda kabarin ɗansa yake.

Alhaji Maitama mutum ne wanda in an yi masa alheri kujerar Makka yake bayarwa. Direbansa ya je, mai gadinsa ya je, har wanzaminsa ya je. Bayan an share makoki ya kira Ɗanasabe a gaban jama'a, ya buɗe baki zai ce Makka, sai ya tuna Bamaguje ne ke tsugune a gabansa. Kowa ya shiga kallon tabarma. Don ya fita kunya sai ya ce, "To, kai faɗi inda kake son zuwa a duniyar nan, ni zan kai ka."

An zaci zai ce Kano. Ashe akwai abin da ya taɓa gani a talabijin ɗin wani mai shayi a Kafur: mutane goye da tulun iska, da gilashi a fuska, da takalma irin ƙafar agwagwa, suna yawo a ƙarƙashin wani ruwa garau, kifi na wucewa ta gabansu ba ko gaisuwa.

"Alhaji, ruwan nan nake so," in ji shi, "wanda ake buɗe ido a ciki. Tun ina yaro nake shiga ruwa, ban taɓa ganin cikinsa ba."

"A ina yake?"

"Shi ne ban sani ba."

"To ka bincika, ka zaɓa, ka zo ka faɗa mini."

Ta haka maganar ta faɗo a kaina. Ranar kasuwa sai ga shi ya cire takalmi a ƙofar shago kamar mai shiga zaure, ya ce, "Malam Mannir, an ce taswirar duniya tana cikin akwatinka." Na bincika na ga irin wannan nutson a tsibiran ƙasashe masu zafi aka fi yin sa. Na buga masa taswirar tekun Indiya, na zagaye masa wurare da jan biro. Ya shimfiɗa ta a kan benci yana bin ta da babban yatsa, yadda ake duba gonar da za a saya. Ya tambayi ina hanya take a cikin shuɗin. Ya tambayi me suke nomawa. Da ya zo kan tsibiran Maldives ya daɗe yana kallo, ya ce wannan ba gari ba ne, gero ne ya zube.

Zuwansa na gaba tare da matarsa Baturiya suka zo, doguwar mace mai kaifin baki. Ta bari har ya duƙufa a kan takarda, ta ja ni gefe. Ta ce likita ya ce hawan jinin ido ne da shi. Ana ɗiga magani, amma ganin da ya tafi ba ya dawowa, wanda ya rage ma a kan hanya yake. "Ka taimake ni ya zaɓa da wuri," ta ce. "Mutumin nan ko akuya zai saya sai kasuwa ta tashi."

Na ɗauka aikin mako guda ne. Na jera masa wurare: ga inda ruwan ya fi haske, ga inda murjani ke tsirowa a ƙasan teku, ga inda kunkurun ruwa ya kai girman faranti na biki, ga watannin da teku ke kwanciya. Ya saurara tsaf. Da na gama ya ɗora yatsa a kan wani tsibiri ya ce, "Wa ke da ruwan?"

Na ce, "Baba, teku ce fa."

"Na ji. Wa ke da ita?"

Haka na zauna, ni da ɗan turancina, ina rubuta wa kamfanonin nutso na duniya saƙo ina tambayarsu sunan mai ruwa da gidansa, domin akwai dattijon da zai kawo goro. Wasu suka aiko mini da hotunan ɗakunan kwana. Wani ya ga daga Najeriya saƙon ya fito, ya ɗauka sabon salon damfara ne, ya toshe ni. Na wani tsibiri a Maldives suka ce ruwan na gwamnati ne. Ɗanasabe ya ce, "Gwamnatin ta taɓa shiga?" Muka tsallake. Na wani a Bali suka ce gaɓar ta otal ɗin ce, mai otal ɗin kuma yana Turai. Ya ce mutumin da ba ya kwana kusa da ruwansa ba zai san ranar da ruwan ya tashi da fushi ba. Muka tsallake. Komoros da Sao Tome ba su ma amsa ba, ya ce su ma dai suna da tasu ƙa'idar.

Da ruwan sama ya sauka sai ya ɓace, yana gona. Da kaka ya ɓace, yana sussuka. Tsakanin nan kuma a zo a ɗauke shi a babur, don ruwa bai daina cin mutane ba saboda Ɗanasabe yana nazarin taswira. Ni kuwa da na ga yana kai takarda kusa da hanci, sai na kai taswirar inda ake buga fastar 'yan siyasa, aka yi masa ita ƙatuwa, ta cika bangon shagon. Ya tsaya a gabanta ya juya kai dama da hagu, ya ce in mayar masa da ƙaramar. Ashe ciwon daga gefe yake cin ido, abin da ya rage masa kamar leƙe ne ta ramin kara. Ƙaramar ce ke shiga ramin.

Ranar da ya yi tuntuɓe da bencin da ya saba zama a kai, haƙurina ya ƙare. Na ce, "Baba Ɗanasabe, idonka ba zai jira ka ba. Duk ruwan nan ɗaya ne, gishiri ne da kifi. Turawa na shiga kullum ba su gaida kowa, kuma suna fitowa lafiya. Ka zaɓi ko wanne, mu je ka gani tun kana gani."

Ya lalubi bencin ya zauna. "Na san ba zai jira ba, Malam Mannir. Ni ke cikinsa. Amma aradu ban taɓa shiga ruwan mutane da sata ba, ba kuwa zan fara da furfura ba."

Baturiya ta ce masa abubuwan da ba zan rubuta ba. Ya saurara har ta gama.

Amsar da yake nema ta zo ne daga wani ƙaramin shagon nutso a tsibirin Pemba, kusa da Zanzibar, wanda na rubuta wa tun tuni har na manta. Mai shagon ya ce ruwa dai na Allah ne, amma a ƙauyensu akwai wani tsohon masunci wanda babu jirgin da ke wuce duwatsun cikin teku sai an tambaye shi yadda ranar take. Na karanta wa Ɗanasabe. Ya ce, "Yana cin goro?" Na sake rubutawa. Aka ce bai taɓa ganin goro ba, amma ya ce zai karɓa.

"To can," in ji Ɗanasabe.

A lokacin Baturiya ce ke riƙe masa sanda. Abin da ya rage masa shi ne ya bambanta rana da inuwa. Na je na faɗa wa Alhaji Maitama komai, ina tsammanin zai ce a bar maganar. Ya ce alkawari ya riga ya fita daga bakinsa, kuma tun da ni ke da turanci in shirya in raka shi. Ni kuwa a rayuwata ruwa bai taɓa wuce mini gwiwa ba.

Ba zan ba da labarin fasfo da allurar rigakafi da jirage ba, wahala ce irin wadda kowa ya sani. Mun dai isa. Aka kai mu wurin tsohon masuncin yana gyaran koma a ƙarƙashin kwakwa. Ɗanasabe ya tsuguna ya miƙa goro ya ce, "Na zo shiga ruwanku." Na mayar da shi turanci, mai shagon ya mayar da shi yarensu. Tsohon ya gatsa goron, ya yamutsa fuska, ya haɗiye don kara, ya ce a shiga, ruwa na kwance. Ɗanasabe ya dama garin furar da Baturiya ta ƙulla masa, ya zuba a bakin teku.

Koyon ne ya zo da matsala. Dokar masu tulun iska ta farko ita ce kada ka riƙe numfashi. Shi kuwa Ɗanasabe da riƙe numfashi ya ci abinci tun yana saurayi. Da zarar ruwa ya rufe kansa sai ya ɗauke, ga iska cike da tulu a bayansa, ga bututu a bakinsa, shi yana tattali. Mai shagon, wanda shi ne malamin, ya yi ta fito da shi a ruwa mai kai ƙugu yana roƙonsa ta bakina. Ɗanasabe ya ce a ganinsa almubazzaranci ne. Sai da aka yi kwanaki kafin ya yarda ya riƙa shaƙa kamar mutumin da ke zaune a gidansa.

Ranar nutson muka fita a ƙaramin jirgi da hantsi. Suka sauka tare, malamin na riƙe da hannunsa na hagu. Ni na rage a jirgi yana ta tangaɗi da ni, na leƙa don in yi amai, sai na ga har ƙasa. Yashi fari, duwatsu masu rassa ja da ruwan hoda, kifaye rawaya da shuɗi garke-garke, da mutum biyu suna tafiya a hankali a tsakiyarsu. Duk abin da ya gani a talabijin ɗin mai shayi yana nan, har da ƙari. Ni da ban roƙa ba ni nake gani. Raina ya ɓaci ƙwarai, na rasa da wa zan yi faɗa, sai na zauna na yi hawaye a gaban mai tuƙin jirgi.

Da suka fito aka jawo shi ciki, aka cire masa gilashin. Ya zauna ruwa na ɗiga daga gemunsa. Na ce, "Baba, ka ga wani abu?"

"Ban ga komai ba. Haske dai." Ya goge fuska. "Amma Malam Mannir, na laluba dama, na laluba gaba, har ƙasa na taɓa. Babu kowa a ciki."

"Wa kake nema?"

"Ba wanda nake nema, hannun ne ya saba. Ba ɗan kowa a ciki. Na fito hannu wofi, kuma ban ji an fasa kuka ba."

Ya kasa kunne wajen gaɓa, can nesa mata na shanya kifi suna hira. Sannan ya ce in tambayi malamin ko da sauran iska a tulun. Aka ce akwai. Ya ce a mayar da shi ruwa.